Baƙin Cooper: Harafi Mai Ƙiba Da Fara'a, Da Abin Da Ya Rage Masa A Hausa

Kundin sabunta ƙasa da aka zartar cikin shekara ta 2025 ya ɗora Hausa bisa matsayin harshen ƙasa, ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan magana ba a cikin kundi kaɗai za ta tsaya ba. Za ta sauko bisa allunan ƙofar sarwisi, da takardun sanarwa da ake mannawa ga bangon gidan likita, da ƙyallayen da ake ɗaurawa tsakanin itace da itace ran taro. Sau da yawa shugaban biro yakan duba kalmomin da za a rubuta, ya gyara su sau biyu ko uku, amma da an zo ga zubin haruffan da za a buga su da shi, sai ya bar wa mai na'ura ya zaɓi wanda ya yi masa daɗin gani. Mai na'ura kuwa, in ya buɗe jerin zube-zuben da ke cikin na'urarsa, da wuya idonsa ya wuce wani ƙaton zubi mai kumatu, mai kama da wanda ya ci ya ƙoshi, ba tare da ya tsaya ba. Sunan wannan zubi Cooper Black.

Sunan na Ingilishi ne. Cooper shi ne mutumin da ya zana shi, kalma ta biyu kuwa ma'anarta baƙi. A bakin masu ɗab'i na Ingila da Amurka, in an ce zubi baƙi ne, ana nufin yana cikin mafiya kauri, masu shan tawada da yawa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan suna ba, domin tun a makarantar allo harafi baƙi ake ce masa, yaro kuma da babbaƙu yake fara karatu kafin ya kai ga farfaru. Ke nan in an ce baƙin Cooper an yi daidai ta fuska biyu.

Inda ya fito

Oswald Cooper Ba'amurke ne, an haife shi cikin 1879 a jihar Ohayo, ya rasu cikin 1940. Tun yana saurayi ya shiga aikin maɗaba'a, daga baya ya tafi birnin Shikago domin koyon zane. A can ya haɗu da Frederic Goudy, wanda ke koyar da zanen haruffa, wanda kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan wannan sana'a a Amurka. Cooper ya bar zanen hotuna ya rungumi haruffa. Cikin 1904 shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe shagonsu, aikinsu kuwa shi ne rubuta tallar kamfanoni da hannu kafin a kai ta jarida. Watau dai asalinsa mai rubutun talla ne, ɗan uwan sana'ar waɗannan da ke zaune bakin hanya a Maraɗi ko Damagaram da buroshi da gwangwanayen fenti, suna rubuta allon tela da na mai aski. Wannan asali bai ɓoyu ba cikin abin da ya zana.

A wancan zamani harafin ɗab'i ƙarfe ne. Akan narka dalma da aka gauraya da waɗansu ƙarafa, a zuba kowane harafi shi kaɗai, a juye kamar hatimi, sa'an nan mai jeri ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga akwati ya haɗa kalma. Kowane girma da nasa zubi, saboda haka sayen sabon salo kuɗi ne masu yawa, mai maɗaba'a ba ya yinsa sai ya tabbata zai ci riba. Wani gidan zubin haruffa na Shikago, Barnhart Brothers & Spindler, shi ya ɗauki zanen Cooper. Da farko an fid da zubi mai matsakaicin kauri, sa'an nan cikin 1922 aka fid da wannan ƙaton. An yi masa kirari na talla da ya daɗe a bakin mutane, cewa na masu ɗab'i ne masu hangen nesa waɗanda masu ba su aiki ba su gani sai kusa. Masu riƙo da tsohuwar hanya cikin sana'ar sun ga abin kamar rashin kunya, amma ƴan kasuwa sun so shi, har waɗansu gidajen zubi suka shiga fid da nasu masu kama da shi. Goudy kansa, malamin Cooper, ya zana wani mai irin wannan nauyi cikin 1925.

Abin da ke sa shi fara'a

A yawancin haruffan littafi akwai ƴan ƙafafu da ke fitowa a ƙarshen kowace sanda, sirara masu kaifi kamar an yanke su da aska. Cooper bai zubar da waɗannan ƙafafu ba, sai dai ya dunƙule su, suka koma kamar kan taɓaryar da ta daɗe tana daka. In an bi harafi daga sama har ƙasa ba a samun wurin da zai soki yatsa. Ƙasan ƙafafun ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne sarai, yana da ɗan tudu, har mai kallo ya ga kamar harafin zai yi rangaji in an taɓa shi, irin na ƙwarya a kan tabarma. Farin da ke tsakiyar O bai tsaya a miƙe ba, ya kishingiɗa baya, kamar yadda yakan fito in an rubuta da alƙalami mai faɗin baki. Ɗigon da ke kan i shi ma ba zagayayye ba ne tsaf, ya ɗan miƙe kamar ƙwai.

Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka haɗu suka ba shi halinsa. Harafin da aka ja da ma'auni, mai kusurwa daidai, yana tuna wa mutum takardar hukuma. Wannan kuwa yana tuna masa hannun mutum, da abin da ke da taushi. Yana da nauyi ƙwarai, amma nauyin bai zo da tsawa ba, kuma wannan haɗi yana da wuyar samu: galibin haruffa masu kauri faɗa suke yi wa mai karatu. Idon mutanen ƙasar nan kuma ba baƙo ba ne ga rubutu mai jiki, domin rubutun hannu na malaman Kano da Barno, wanda ake yi da alƙalamin kara, da kaurinsa aka san shi tun da daɗewa.

Amma kowace ƙiba da abin da ta ci. Tun da sandunan sun yi kauri, farin da ke cikin a da e da o ya ragu ƙwarai, ya zama ɗan rami. Mai karatu kuwa ba da baƙin kaɗai yake gane harafi ba, da farin da baƙin ya kewaye yake gane shi. In rubutun babba ne, babu laifi. In an rage shi zuwa girman rubutun jarida, aka kuma buga a takarda mai shan tawada, ko aka yi ta maimaita shi a na'urar ɗaukar kofi, sai ramukan su cike, e ta koma kamar o, 8 ta yi kama da 6 ko 9. Masu ɗab'i suna auna harafi da wani ma'auni da Faransawa ke kira puwan, wanda bai wuce sulusin milimeta da kaɗan ba. Jikin labarin jarida yakan kasance tsakanin puwan 9 da 12. Baƙin Cooper ba a wannan fili aka yi shi ya yi kiwo ba. Daga wajen puwan 24 zuwa sama ne yake nuna kyawunsa.

Yadda ya tsufa ya komo

Bayan ƴan shekarun farko na kasuwa, ido ya juya. Zubi sirara marasa ƙafafu suka shigo, irin Futura na ƙasar Jamus da ya fito cikin 1927, da Helvetica na ƙasar Suwis cikin 1957, manyan kamfanoni da hukumomi suka koma gare su domin ana ganin su ne alamar zamani. Baƙin Cooper ya koma allon ƙananan kantuna.

Abin da ya maido shi shi ne sauyin kayan aiki. Cikin shekarun 1960 aka fara barin dalma ana jera rubutu ta hanyar hoto, wadda ke ba da damar a matse haruffa har su taɓa juna, abin da ƙarfe ba ya yarda da shi. Haruffa masu dunƙulallen baki kuwa sun fi kowane iri jure matsi. Sa'an nan cikin 1961 kamfanin Letraset na Ingila ya fid da takardu masu ɗauke da haruffa waɗanda ake ɗorawa bisa farar takarda a goga da bakin alƙalami, harafin ya manne. Kamfanin Mecanorma na Faransa shi ma ya yi irinsu, tsofaffin ma'aikatan biro ba su manta da su ba. Da wannan, duk mai ƴan kuɗin takarda ɗaya ya zama mai jera kanun labari a kan teburinsa. Cikin 1966 ƙungiyar mawaƙan Amurka The Beach Boys ta sa baƙin Cooper bisa bangon faifanta mai suna Pet Sounds, waɗansu mawaƙa suka bi sawu. Cikin shekarun 1970 aka riƙa yanka shi a ƙyalle ana manna shi ga riguna da ƙarfen guga, ƙungiyoyin unguwa da na wasanni suka mai da shi nasu. Kamfanin jiragen sama na easyJet, da aka kafa a Ingila cikin 1995, da shi yake rubuta sunansa, fari da ruwan goro, domin ya nuna shi na kowa ne, ba na masu hali kaɗai ba. Daga ƙarshe kamfanin Microsoft ya sa shi cikin zube-zuben da ke zuwa tare da kayan aikinsa na biro, ta nan ne ya shiga na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda waɗansu ke kira ordinatar waɗansu kwamfuta, a kusan kowace ƙasa.

Yau a Turai da Amurka ana lissafa shi cikin zube-zuben tuna baya. Wanda ya sa shi yana so a tuna shekarun 1970, ko da yake harafin ya girmi waɗannan shekaru da rabin ƙarni, waɗanda suka ɗauke shi a lokacin kuma su ma tsohon abu suka tono. To, amma tuna baya sai ga wanda ke da bayan. Manomin Madarunfa ko na Illela da ya koyi karatu yana babba, wanda watakila a rigar gwanjo, watau bosho, ya fara ganin irin wannan harafi, ba shi da wani faifai da zai tuna. Abin da ke isa gare shi siffar ce kawai: babba ne, mai sakin fuska, yana kira. Wannan ya isa, kuma a kansa ya kamata ma'aikaci ya yi lissafi, ba a kan abin da littafin masu zane na wata ƙasa ya ce ba.

Wurinsa da inda ba wurinsa ba

Baƙin Cooper sanƙira ne. Aikin sanƙira ya ɗaga murya, ya tara jama'a, ya faɗi kalmomi kaɗan da kowa zai ji daga nesa. Ba a ba shi karatun hukunci, ba a kuma aikensa gaisuwar mutuwa. Sanarwar kokowa, allon mai kilishi, sunan kwaferatif bisa buhu, bangon littafin tatsuniyoyi, kiran mata su kawo yara allurar rigakafi, duk waɗannan ya dace da su, na ƙarshen ma fiye da sauran, domin harafi mai sakin fuska yana rage wa takardar likita ban tsoro. Amma kalma uku ko huɗu na sama kaɗai za a ba shi. Rana da sa'a da wuri, da bayanin da ke biye, sai a ba wani zubi siriri mai buɗaɗɗen ciki. Takardar da aka cika da shi daga sama har ƙasa kamar taro ne da kowa ke shela lokaci guda.

Akwai wuraren da sa shi kuskure ne ko da kalma ɗaya ce. Sammacin kotu, sanarwar haraji, ta'aziyya, gargaɗin da ke bisa kwalbar maganin ƙwari, adadin ƙwayoyin da majinyaci zai sha. A waɗansu daga cikin waɗannan fara'arsa tana rage wa magana nauyi, a waɗansu kuwa cikewar ramukan lambobi tana iya jawo ɓarna ta gaske. Haka nan ba a son jera doguwar magana da manyan haruffansa zalla. Sabon mai karatu da ƙananan haruffa ya saba, tsawon sandunan b da d da k da l su ke taimakonsa ya gane siffar kalma tun kafin ya haɗa baƙaƙenta.

Maganar ƙugiya

Nan ne babbar matsala take, kuma ba ta shafi shafin Faransanci ba. Cooper ya zana haruffansa domin Ingilishi. Da zubin ya shiga kasuwar Turai aka ƙara masa alamomin da Faransanci da Jamusanci ke bukata, saboda haka é da è da ç suna nan. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, babu su cikin zubin da aka saba samu a na'urorin biro. Takarda mai harshe biyu takan fito rabinta na Faransanci lafiya lau, rabin Hausa kuwa da rauni.

Waɗannan haruffa ba ado ba ne. Uku na farko sun zauna cikin rubutun boko tun shekarun 1930 ta hannun hukumar talifi ta Zariya, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako cikin 1966 ya duba yadda za a rubuta harsunan wannan yanki, har da Hausa, a Nijar kuma aka riƙe ƴ a inda Nijeriya ke rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Dalilin ƙugiyar a bayyane yake ga duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci. Ƙasa daban, kasa daban: ɗaya ita ce wadda aka haifi mutum a cikinta, ɗayar kuwa ko gazawa ko macijiya. Gidan baƙi ba gidan baki ba ne. In an rubuta «an ɓata» babu ƙugiya, an mai da asara kyauta. Wanda ya daɗe yana karatu yakan gyara a zuciyarsa ya wuce. Wanda ya gama ajin manya bana ba shi da wannan sabo. Mushe ya sha wahala kafin ya raba masa b da d, sa'an nan ya raba masa b da ɓ, in ya fito ya ga allon hukuma ya rushe wannan bambanci, ɗayan biyu ne: ko ya zargi kansa, ko ya zargi abin da aka koya masa.

Abin da ke faruwa a na'ura kuwa iri uku ne. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya san da waɗannan haruffa, saboda haka na'ura ta gane abin da aka buga. Sai dai in zubin da aka zaɓa ba shi da hoton harafin, takan aro shi daga wani zubi, a ga ramammen ƙ tsaye tsakanin ƙattai kamar baƙon da ya shigo biki ba gayyata. Wani lokaci ta sa ɗan akwati fanko a wurinsa. Na uku, wanda ya fi yawa ya kuma fi muni, shi ne mai bugawa ya ga abin bai yi kyau ba ya share ƙugiyar gaba ɗaya. Akwai ma masu sauya kalma domin su kauce wa harafin, su bar wadda ta dace su ɗauki wadda zubin ya iya. Wannan sayen doki ne domin ya dace da linzami.

Ɗan waƙafin sama na jama'a da sana'a da ma'aikata shi ma yana bukatar lura. In an matse haruffa masu ƙiba yakan maƙale tsakaninsu har ya ɓace, alhali a Hausa shi ma baƙi ne mai zaman kansa. Akwai kuma harafin a. A baƙin Cooper mai hawa biyu ne, irin na littafi, ba mai ciki ɗaya da ake koya wa hannu a allo ba. Ga kanun labari wannan ba wani abu ba ne, amma dalili ne na ƙari da zai hana a sa shi cikin littafin farko na koyon karatu.

Zube-zuben da suka san Hausa suna nan. Cikin shekarun 1980 Nijeriya ta sa aka shirya wani domin harsunanta, mashahurin mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu a ciki. Ƙungiyar SIL ta fid da wani mai suna Andika, kalmar Suwahili ce mai nufin rubuta, wanda aka zana musamman domin sababbin masu karatu. Kyauta ake samunsa, yana da ƙugiyoyin duka, a ɗinsa kuma mai ciki ɗaya ce. Ba shi da kumatun baƙin Cooper, amma ga bayanin da ke ƙarƙashin kanu shi ya fi.

Gwajin da shugaban biro zai yi kafin ya sa hannu a buga ba ya cin minti biyar. Ya sa a rubuta masa ɓarawo, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa, jama'a, da ƙanana da manyan haruffa, cikin zubin da aka zaɓa. Ya duba ko ƙugiyoyin sun fito da kauri ɗaya da sauran. Sa'an nan a manna takardar ga bango, a kirawo wanda bai daɗe da koyon karatu ba, ba sakatare ba, ya ja da baya taki ashirin ya karanta da ƙarfi.

Mai buroshi a nan ya fi mai na'ura sa'a, domin shi ba ya jiran kamfani ya ƙara masa harafi. Haruffa takwas ne kacal suka rage, huɗu ƙanana huɗu manya, yana iya zana su a kwali sau ɗaya ya yanke ya ajiye a shago. Abin lura shi ne kada ƙugiyar ta zama ɗan siririn wutsiya da aka liƙa daga baya. Ta fito daga jikin sandar da kaurinta, ta ƙare da dunƙulallen kai irin na sauran ƙafafun. A ɓ da ɗ da ƙ ƙanana, daga saman sanda take lanƙwasawa zuwa dama. A Ɓ da Ɗ manya kuwa hagu take fita, saboda haka sai an bar mata fili tsakaninta da harafin da ya gabace ta, in ba haka ba fenti ya haɗe su, Ɗ ta koma D daga nesa.